A Wane Farashi Uwar Kuɗinka Za Ta Dawo? Jagorar Lissafin Kwangilar Zaɓi

Cinikin hannun jari ba baƙo ba ne a ƙetaren kogin Kaduna. Tun 1978 Kasuwar Hannayen Jari ta Najeriya ta buɗe reshe a garin nan, lokacin da masaƙun Kakuri ke aiki dare da rana, kamfanin Peugeot na harhaɗa motoci, ma'aikaci kuma na iya ware wani abu daga albashinsa ya sayi hannun jari, ya ajiye takardar a ƙasan akwati. Har yau akwai gidaje a Makera da Barnawa da irin waɗannan takardu ke kwance. Akwai kuma waɗanda ba su manta da 2008 ba, shekarar da kasuwa ta kai ƙololuwa a watan Maris sannan ta rikito, waɗanda suka ci bashin banki don sayen hannun jari suka tashi a tutar babu.

'Ya'ya da jikokin waɗancan ma'aikata, a Sabon Tasha da Narayi da Unguwar Romi, ta waya suke nasu cinikin, wasu har a kasuwannin Amurka. Wani nau'in ciniki kuma ya fara jan hankalinsu, shi ne kwangilar zaɓi, wadda suke kira opshan. Kasuwarmu ta Najeriya, wato NGX, ta fara cinikin kwangilolin gaba a Afrilun 2022, amma zaɓin hannun jari irin wanda matasanmu ke taɓawa na kasuwannin Amurka ne, inda aka fara cinikinsa a dandali a Shikago a 1973. Duk wanda zai sa kuɗinsa a ciki, akwai lambar da ya kamata ya rubuta a takarda kafin ya danna komai: farashin da hannun jarin zai kai kafin uwar kuɗinsa ta dawo, ba riba ba faɗuwa. Manhajoji da yawa suna nuna wannan lamba, sai dai lissafinsu na mazaunin Amurka ne mai albashi da dala. Naka da hannunka za ka yi shi, kuma sai ya ƙare da naira.

Abin da kake saye

Mai sayen zaɓi ba hannun jari ya saya ba. Dama ya saya. A zaɓin saye, wanda ake kira kol, ka biya kuɗi don a ba ka damar sayen hannun jarin wani kamfani a kan farashin da aka yanke, daga yau zuwa wata rana da aka sa. A zaɓin sayarwa, wato put, damar sayarwa ce ka biya a kan farashin da aka yanke. In ka ga dama ka yi amfani da ita, in ka ga babu riba ka bar ta ta mutu. Abubuwa uku ke cikin kowace kwangila: farashin alkawari, ranar ƙarewa, da kuɗin zaɓin da ka biya. A Amurka kwangila ɗaya hannayen jari 100 ce, saboda haka in ka ga an rubuta 2.50, dala 250 za su fita daga asusunka.

Wanda ya taɓa sarin citta daga Kachia zai gane abin da sauri, kuma a nan ne zai fi saurin yin kuskure. A ce kun yi ciniki da manomi a kan naira 100,000 kowane buhu, ka ba da kafin alƙalami na naira 5,000 a buhu, da sharaɗin in ba ka dawo cikin wata guda ba kuɗin sun zama nasa. Ranar ɗaukar kaya cikon 95,000 za ka biya, domin kafin alƙalamin yana cikin kuɗin kaya. Uwarka tana dawowa a 100,000, ban da kuɗin mota da na 'yan dako. Kuɗin zaɓi ba haka yake ba. Ba a cire shi daga farashin alkawari. Da a ce zaɓi ka saya a kan cittar nan, ranar ɗauka 100,000 cif za ka biya, 5,000 ɗin kuma sun riga sun tafi, uwarka ba za ta dawo ba sai buhu ya kai 105,000. Dukan lissafin da ke tafe daga wannan bambanci ya taso.

Kafin mu shiga lambobi, ga ɗan'uwa Musulmi akwai maganar da ba zan tsallake ba. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta zauna a Jidda a 1992 ta yanke cewa kwangilar zaɓi, yadda ake cinikinta a kasuwannin duniya, ba ta halatta ba, domin abin da ake sayarwa ba dukiya ba ne, ba kuma amfanin wata dukiya ba. Ka tambayi malamin da ka yarda da iliminsa tun kafin ka buɗe asusu. Lissafin kansa zai amfane ka ko ba ka taɓa sayen zaɓi ba, musamman sashen ƙarshe da ya shafi hannayen jarin gida.

Zaɓin saye

Lambobin da zan yi amfani da su na misali ne, kuma da su za mu tafi har ƙarshe. Hannun jarin wani kamfani yana dala 48 yau. Kana ganin zai tashi. Ka sayi zaɓin saye mai farashin alkawari dala 50, mai ƙarewa nan da mako shida, a kan dala 2.50.

Ƙa'idar ita ce ka haɗa farashin alkawari da kuɗin zaɓi. 50 da 2.50 sun ba da 52.50. A nan uwa ke dawowa ranar ƙarewa.

Yanzu bi farashin mataki-mataki ka ga abin da ke faruwa da dala 250 ɗinka. In ranar ƙarewa hannun jarin ya tsaya a 49, ba wanda zai biya 50 a kan abin da ake samu 49 a kasuwa, zaɓin ya mutu, kuɗinka duka sun tafi. Ka lura fa, hannun jarin ya tashi daga 48 zuwa 49, hasashenka ya yi daidai, amma ko santi ba ka tsira da shi ba. In ya kai 51, damarka tana da ƙimar dala 1 a kowane hannun jari, wato dala 100, ka faɗi da 150. A 52.50 ƙimar ta zama 250, kun yi kunnen doki da kasuwa. Sai ya wuce nan ne riba ke farawa: a 56 zaɓin ya kai dala 600, ribarka 350.

Tsakanin 50 da 52.50 nan ne wurin da ke yaudarar sabon shiga. Manhaja za ta nuna masa zaɓinsa ya shiga cikin kuɗi, ya ɗauka ya ci, alhali abin da ke hannunsa bai kai abin da ya biya ba.

Akwai mataki na biyu da nake ganin ya fi na farkon amfani, kuma mutane kaɗan ke yin sa. Ka cire farashin yau daga farashin dawowar uwa, ka raba da farashin yau. 52.50 a cire 48 saura 4.50, a raba da 48, ya ba da kashi 9.4 cikin ɗari. Tambayar da za ka yi wa kanka ke nan: hannun jarin kamfanin nan ya saba tashi da kashi 9 cikin mako shida? Buɗe tarihin farashinsa na shekara ɗaya ko biyu ka ƙirga sau nawa ya yi hakan. In sau ɗaya ne ko biyu, ka san abin da kake saye. Zaɓi mai araha sosai, irin na santi 20 ko 30, arahar tasa daga nan take: farashin alkawarinsa ya yi nisa, sai hannun jarin ya yi tsallen da bai saba yi ba kafin ka ga kuɗinka.

Taya, sallama da la'ada

Kowane zaɓi yana da farashi biyu a allo. Akwai abin da masu saye suka taya, akwai abin da masu sayarwa za su sallama. A misalinmu taya 2.30 ne, sallama 2.50. Wasu manhajoji suna nuna tsakiyarsu, 2.40, da manyan baƙaƙe, amma wanda ya saya nan take 2.50 zai biya, in kuma ya juya ya sayar a wannan minti 2.30 za a ba shi. Dala 20 sun tafi tun hannun jarin bai motsa ba. Da abin da aka cire maka za ka yi lissafi, kamar yadda yake a takardar shaidar ciniki. A kamfanonin da ba a cika cinikin zaɓinsu ba tazarar tana faɗi ƙwarai, don haka ka saba da sa naka tayin ka jira, maimakon karɓar duk abin da aka sallama.

La'adar dillali kuma sau biyu ake biyanta, a shiga da fita. Manyan dillalan Amurka da yawa santi 65 suke karɓa a kwangila, amma wanda ke bi ta hannun wani dillalin kafin ya kai can yana iya biyan fiye da haka. Haɗa ta shiga da ta fita, ka raba da 100, ka ɗora a kan lambarka. In dala 1 ce kowane ɓangare, 52.50 ta koma 52.52, bai taka kara ya karya ba. In kuwa dala 5 ce kowane ɓangare, zaɓin da ka saya kuma na santi 30 ne, wato dala 30, to la'ada kaɗai ta kai sulusin abin da ka zuba.

Naira

Nan ne lissafin mutumin Kaduna ya rabu da na manhaja, kuma nan ya kamata ka fi daɗewa.

Albashinka ko cinikin shagonka da naira yake shigowa. Da naira za ka biya kuɗin haya da na makarantar yara. Saboda haka uwar kuɗinka naira ce, kuma ba ta dawo ba sai adadin nairar da ta fita ya koma asusunka na banki. Tsakanin fita da dawowa akwai canji biyu, ba kuma farashi ɗaya suke ba, domin mai canji, na waya ne ko na bakin titi, yana sayar maka da dala da tsada ya saye ta a hannunka da rangwame.

Mu ce ka sayi dala a kan naira 1,550. Kuɗin zaɓi 250 da la'adar shiga 1 sun zama dala 251. Ninka da 1,550, naira 389,050 ke nan. Rubuta wannan adadi ka ja masa layi, shi ne uwa. Yanzu tambayi nawa za a ba ka a dala in za ka dawo da ita gida. Mu ce 1,500. Raba 389,050 da 1,500, ya ba da dala 259.37. Ƙara la'adar fita, 260.37. Raba da 100, ka ɗora a kan farashin alkawari. Farashin dawowar uwarka ya zama 52.61, ka ga ya riga ya bar 52.50 da manhaja ke nuna maka. In akwai kuɗin tura kuɗi ko na cirewa, su ma a nan za su shiga, kuma ga mai kwangila ɗaya tak suna da nauyi.

Wannan a kan cewa farashin canji bai motsa ba ke nan cikin makon shidan. Tun da aka saki naira a Yunin 2023 mun saba da tunanin dala tashi kawai take yi, har wasu na ganin ajiye kuɗi a dala riba ce da kanta. Shekarar 2024 ta nuna ba kullum ba. A Fabrairu dala ta haura naira 1,500, zuwa tsakiyar Afrilu ta sauko ƙasa da 1,200. Sa irin wannan a lissafinmu. In ranar fita 1,200 za a ba ka, 389,050 na buƙatar dala 324.21, da la'ada 325.21, farashin dawowar uwa ya haura zuwa 53.26. Tashin da kake jira ya koma kashi 11 cikin ɗari maimakon 9.4. In kuma naira ce ta faɗi aka ba ka 1,700, dala 229.85 har da la'ada sun isa, uwa ta dawo a 52.30.

Shawarata ita ce ka fitar da lambobi uku a duk ciniki: ɗaya da canjin yau, ɗaya in naira ta ƙara ƙarfi, ɗaya in ta faɗi. Da mafi tsananin cikinsu za ka yanke hukunci. Wanda kuma ya ce shi ba zai dawo da kuɗin gida ba, a dala zai bar su, ya yi lissafinsa da dala, amma ya tabbata kuɗin da ba zai nema ba ne in wata lalura ta taso.

Zaɓin sayarwa, da ɓangaren mai sayar da zaɓi

A zaɓin sayarwa lissafin juyawa yake yi. Kana cin riba ne in farashi ya faɗi, saboda haka cire kuɗin zaɓi za ka yi daga farashin alkawari. Hannun jari yana 48, ka sayi damar sayarwa a 45 a kan dala 1.80. 45 a cire 1.80, saura 43.20. Sai farashin ya sauko da 4.80, kashi 10 cikin ɗari cif, kafin uwa ta dawo. In ya tsaya a 44, ya faɗi kamar yadda ka hango, amma zaɓinka dala 100 ya kai, ka biya 180. La'ada da asarar canji a nan ƙasa suke ƙara tura lambar, wato cire su ake yi su ma.

Kowane zaɓi da aka saya, wani ne ya sayar. Shi mai sayarwa kuɗi yake karɓa tun farko, shi ya sa abin ke da daɗin ji. Lambar dawowar uwa ɗaya ce tsakaninsa da mai saye, sai dai kowa da gefen da yake cin riba. Wanda ya sayar da zaɓin sayarwa na 45 ya karɓi 1.80 yana cikin riba muddin farashi na sama da 43.20. Amma ribarsa ba za ta taɓa wuce dala 180 ba, kimanin naira 279,000, alhali alkawarin da ya ɗauka shi ne sayen hannayen jari 100 a kan dala 4,500, kusan naira miliyan 7, ko da farashinsu ya zube zuwa 30. Wanda ya sayar da zaɓin saye ba tare da yana riƙe da hannayen jarin ba, nasa ya fi muni, domin tashin farashi ba shi da iyaka, asararsa ma haka. Ga mai sayarwa, sanin inda uwa ke dawowa rabin lissafi ne. Sauran rabin shi ne nawa zai iya biya in abin ya juya masa baya. Ban ga dalilin da zai sa mai ƙaramin jari ya shiga wannan ɓangare ba.

Haɗe-haɗen da za ka ci karo da su duk ƙa'ida ɗaya ke tafiyar da su: tara abin da ka biya, cire abin da ka karɓa, ka ga inda ragowar za ta fito. Mai hannayen jari 100 da ya saya a 48, ya sayar da zaɓin saye na 50 a kan tayin 2.30, uwarsa ta sauko 45.70, ribarsa kuma ta tsaya a dala 430 komai tashin farashi. Wanda ya saya a 48 ya ƙara da zaɓin sayarwa na 45 don kariya, uwarsa ta hau 49.80, asararsa kuma ba za ta wuce dala 480 ba. Wanda ya sayi zaɓin saye na 50 a 2.50, ya sayar da na 55 a santi 90, abin da ya fita daga aljihunsa 1.60 ne, uwa na dawowa a 51.60, riba ta tsaya a 3.40. Wanda ya sayi zaɓin saye da na sayarwa duka a 50, ɗaya 2.50 ɗaya 4.50, ya biya dala 7, yana da lambobi biyu, 57 a sama da 43 a ƙasa, duk abin da ya faɗo tsakaninsu faɗuwa ce. Ka tuna kowane zaɓi a cikin haɗin da tasa la'adar.

Lokaci

Duk lambobin nan na ranar ƙarewa ne. Kafin ranar, zaɓi yana da ƙima iri biyu a haɗe. Akwai ta zahiri, wato tazarar da farashin kasuwa ya ba farashin alkawari. Akwai ta sa rai, abin da mutane ke biya saboda sauran kwanakin da komai zai iya faruwa a cikinsu. A misalinmu hannun jari yana 48, alkawari 50, ƙimar zahiri babu ko santi. Dala 2.50 ɗin gaba ɗaya sa rai ne, kuma kullum gari ya waye tana raguwa, raguwar tana ƙara sauri a makonnin ƙarshe.

Ma'anar wannan biyu ce. Ta farko mai daɗi ce: in hannun jarin ya yi tsalle zuwa 50.50 a makon farko, zaɓin zai iya kai dala 3 da wani abu, ka sayar da riba tun farashi bai je kusa da 52.50 ba. Ga wanda zai fita da wuri, abin dubawa shi ne ko tayin da ake yi wa zaɓin ya wuce abin da ya biya da la'ada da canji, wato 2.61 a lissafinmu. Ta biyu kuwa, in farashi ya zauna a 48 bai motsa ba, kuɗinka na narkewa kana kallo. Haka nan kafin kamfani ya fitar da rahoton ribarsa zaɓi kan yi tsada saboda kowa na jiran labari, da zarar labarin ya fito tsadar ta sauka. Mutum zai iya saye ana gobe rahoto, hannun jarin ya ɗan tashi, zaɓinsa kuma ya faɗi.

Ranar ƙarewa kanta tana son shiri. Zaɓin wata-wata a Amurka Juma'a ta uku ta wata yake ƙarewa. Kasuwar New York tana rufewa da ƙarfe 9 na dare agogon Najeriya daga Maris zuwa farkon Nuwamba, sauran watanni kuma ƙarfe 10. Ƙa'idar can ita ce duk zaɓin da ya ƙare da ƙimar zahiri ko ta santi ɗaya ce, ana zartar da shi kai tsaye sai in mai shi ya hana. Wato in farashi ya rufe a 51 ba ka sayar ba, za a iya saya maka hannayen jari 100 a kan dala 5,000, naira miliyan 7.75 a canjinmu, ko dillali ya sayar da zaɓin a madadinka a duk farashin da ya samu. Ka san yadda wuta da sabis suke a unguwarku da daren Juma'a. Kada ka bar fita zuwa rabin awar ƙarshe, kuma ka karanta ƙa'idar dillalinka a kan wannan tun ranar da ka buɗe asusu.

Wata kalma a kan abin da ake tallatawa a WhatsApp da Telegram da sunan bainari opshan, inda za ka ce farashi zai hau ko zai sauka cikin minti biyar. Wannan ba shi da farashin dawowar uwa, sai dai adadin cin da kake buƙata. In ka sa naira 10,000, ci ya ba ka 8,000, faɗuwa ta cinye 10,000 duka, raba 10,000 da 18,000: sai ka ci kashi 55.6 cikin ɗari na duk wasanninka kafin ka tsaya a inda ka fara. Tarayyar Turai ta hana sayar da shi ga ƙananan masu zuba jari a 2018, Birtaniya ta mayar da hanin na dindindin a 2019. Caca ce, ka nisance ta.

Na gida: haƙƙin sayen sababbin hannayen jari

Abin da ya fi kusa da zaɓin saye a kasuwarmu, wanda kuma ya shafi dattawan da ke da takardu a akwati, shi ne tayin da kamfani ke yi wa masu hannun jarinsa su sayi sababbi a farashin da ya yanke cikin ƙayyadadden lokaci. A Maris 2024 Babban Bankin Najeriya ya umarci bankuna su ƙara jari, masu lasisin ƙasa da ƙasa zuwa naira biliyan 500, ya ba su zuwa ƙarshen Maris 2026. Sai irin wannan tayi ya yawaita. Access Holdings ya ba da sabon hannun jari ɗaya a kan kowane biyu a naira 19.75, UBA ya ba da ɗaya a kan kowane biyar a naira 35. Wanda ba ya son karɓar haƙƙinsa yana iya sayar da shi a NGX ta hannun dillali kafin a rufe.

Ga yadda ake lissafin, da lambobin misali. Hannun jari yana naira 40 a kasuwa, kamfani ya ba da ɗaya a kan kowane huɗu a naira 30. Kada ka ce ribar naira 10 ce, domin sababbin hannayen jari suna tsinka farashin tsofaffi. Huɗu a 40 sun zama 160, ƙara 30, 190, raba da biyar, 38. Nan ake sa ran farashi zai daidaita, ƙimar haƙƙin kuma naira 8 ce.

In haƙƙin wani za ka saya a kasuwa, a ce a naira 6, lissafin zaɓin saye ne sak: 30 da 6, 36. Sai kuɗaɗen ciniki. La'adar dillali a NGX tana iya kai kashi 1.35 cikin ɗari, ga kuɗin hukumar SEC da na kasuwa da na CSCS mai ajiyar hannayen jari da VAT, wasu a saye wasu a sayarwa. Ainihin adadin yana cikin takardar cinikin da dillali ke turo maka. Mu ɗauka kashi 2 ne kowane ɓangare. Na saye a kan naira 6 kwabo 12 ne, jimla 36.12. Na sayarwa kuwa daga farashin da za ka sayar ake yankarsa, don haka rabawa ake yi: 36.12 a raba da 0.98, ya ba da 36.86.

Tsohon mai hannun jari nasa lissafin daban ne. Baba da ya sayi 4,000 a naira 42 ya kashe 168,000. Ya karɓi haƙƙinsa na 1,000 a 30, ƙarin 30,000. Jimla 198,000 a kan hannayen jari 5,000, kowane ya tsaya masa a 39.60, da kuɗin sayarwa 40.41. Uwarsa ta sauko daga inda take, amma har yanzu tana sama da 38.

Abu biyu za ka duba kafin ka cike fom. Na farko, farashin kasuwa na ranar: in ya sauko ƙasa da farashin tayin, haƙƙin ba shi da ƙima, wanda ke son ƙarin hannun jari ya saya a kasuwa ya fi masa araha. Na biyu, jira. Daga ranar da ka biya zuwa ranar da sababbin hannayen jarin za su shiga asusunka na CSCS ana iya ɗaukar watanni, musamman na bankuna da sai Babban Banki ya tantance kuɗin, kuma a tsawon lokacin ba ka da ikon sayarwa. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta sa hauhawar farashi ta watan Disambar 2024 a kashi 34.8 cikin ɗari a shekara. A irin wannan yanayi, naira 36.86 da ta dawo bayan wata shida ba za ta sayi abin da ta saya ranar da ta fita ba, don haka ka ɗora wa lambarka wani kaso na watannin jira. Wanda kuma ya yanke ba zai karɓi haƙƙinsa ba, ya kira dillalinsa ya sa shi a kasuwa tun da sauran kwanaki, domin ranar da aka rufe tayin haƙƙin ya mutu, hannayen jarinsa na da kuma sun riga sun tsinke zuwa 38.